Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Haɗa Ayari a Wasannin Bi-da-bi

Daga filin langa na Sarkin Yamma har zuwa wasannin salula da kwamfuta, tambaya ɗaya ce ke jiran mai wasa tun bai ɗaga ƙafa ba: su wa zan ɗauka, kuma ina zan tsai da kowannensu? Wanda ya iya amsa ta ya gama rabin aiki. Wanda ya kasa kuwa, akwai masu jiran su sayar masa da amsa da tsada.

Sarkin Yamma ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Madarunfa, yamma da birnin Maraɗi, ba nisa da Safo da Tibiri. Ƙasar manoma ce, kuma kamar sauran ƙauyukan Katsinar Maraɗi da na Gobir, wasa a nan yana bin lokacin gona. Da damina ba mai sukuni. Sai kaka ta yi, an ɗaure gero an kai rumbu, sa'an nan magidanta su tona gurabun dara a gindin itace, samari kuwa su fita langa da dare in wata ya yi fari. A shekarun nan an samu ƙari, domin salula ta shiga aljihun ɗan lakwal da yaron kanti da ɗan ci-rani, ta kuma zo da nata wasanni. Da yawa cikinsu na ƙwallo ne da tsere da harbe-harbe, waɗanda saurin yatsa ke ci. Amma akwai wani iri da ba ya bukatar sauri ko kaɗan, wanda mai dara zai gane da gani ɗaya, kuma a kansa za mu yi magana.

Wasan da kowa ke jiran takunsa

Faransawa suna ce da shi jeu de rôle au tour par tour, mu kuwa sai mu ce wasan bi-da-bi. Mai wasa yana riƙe da mutane kaɗan, uku ko huɗu ko shida, waɗanda za mu kira ayari tun da tafiya suke yi tare, gari zuwa gari, kogo zuwa kogo, cikin labari irin na tatsuniya mai dodanni da ƴan fashi. In sun ci karo da abokan gaba sai kome ya tsaya, a shiga faɗa ɗaya bayan ɗaya: wannan ya yi takunsa, wancan ya yi nasa, har kowa ya samu, sa'an nan a sake zagaye. Kowane mutum yana da ma'aunin rai da ke raguwa in an buge shi, yana kuma da sana'arsa, wani mai takobi, wani maharbi, wani mai magani, wani mai siddabaru. A mafi yawansu ba agogon da ke korar mai wasa. Yana iya aje salula ya tafi salla ya dawo, dodo na nan tsaye yana jiransa.

Asalin abin daga Amurka yake. Cikin shekara ta 1974 wasu mutane biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da Dungeons & Dragons, wanda ake yi bisa tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo. Sana'a uku ce a ciki da farko: mayaƙi, da mai siddabaru, da mai addu'a wanda ke warkar da rauni. A 1975 aka ƙara ɓarawo, mai buɗe kwado da kwance tarko. A 1981 wasan Wizardry ya kai wannan tsari cikin kwamfuta da ayarin mutum shida. A 1987 kamfanin Square na ƙasar Japan ya fito da Final Fantasy, inda abu na farko da ake tambayar mai wasa, tun bai san kan labari ba, shi ne ya zaɓi mutum huɗu daga cikin sana'a shida. Tun da an yarda a maimaita sana'a, lissafi ya nuna ayari iri 126 ake iya haɗawa. Wasu cikinsu tafiya ce ta jin daɗi, wasu kuwa wahala ce zalla, kuma wanda ya zaɓa ya zaɓa ke nan, ba a sake masa mutane sai dai ya koma farko.

Sababbin wasannin irin wannan ba duka ke kaiwa ƙauye ba. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, yana bukatar wuri har giga 150 cikin kwamfuta, ga kuma wutar lantarki da ba ta yankewa. Amma tsofaffin sun sauko cikin salula, Final Fantasy na farko ma an sake gyara shi domin salula a 2021, kuma dabarar haɗa ayari ɗaya ce a manya da ƙanana.

Darasin ruwa

Kafin mu je Japan, bari mu tsaya a filin langa. Kowa ya san yadda take: yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar, in ya faɗi ko ya saki ƙafa ya mutu, sai ya fita gefe. An kasu gida biyu, kuma akwai mutum guda da ake kira ruwa, wanda in ya kai wurin sha gidansu ya ci, in kuwa an kā da shi a hanya wahalar sauran ta tashi banza.

To, a wurin rabo ake gane wanda ya san langa. Sabon shiga yakan kwashe ƙartin samari duka, yana murna ya bar wa abokan hamayya ƙanana. Da an fara sai ya tarar ba shi da ruwa, domin ƙato mai nauyi ba ya daɗewa bisa ƙafa ɗaya, ba ya kuma iya zulliya. Wanda ya ɗebi marasa nauyi zalla shi ma bai tsira ba, gama ruwansa zai fita fili ba mai tare masa kafaɗa. Gwani yakan nemi ruwa mai sauƙin jiki da dogon numfashi, ya sa masa masu ƙirji biyu ko uku su zame masa katanga, ya kuma ware masu zafin nama waɗanda aikinsu su watsa ƴan gidan can. Ba ya tambayar wa ya fi wa ƙarfi. Aiki yake ƙirgawa, sa'an nan ya nemi mai kowane aiki.

Ma'aikatan da ke buga petank bayan an tashi daga biro sun san wannan ta wata hanya. Ƙungiyar mutum uku tana da pointeur mai kusantar da bul, da tireur mai harbe ta abokin gaba, da milieu wanda ya taɓa duka biyun. Ba a taɓa jin masu hankali sun haɗa maharba uku sun ce sun yi ƙungiya ba.

Kakanninmu na wannan kwari kuwa da rayukansu suka koyi darasin. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Ɗan Kasawa ya kafa gadon Katsinawa a Maraɗi wajen 1819, aka yi shekaru ana kai hari ana kawowa. Rundunar wancan zamani iri-iri ce. Akwai ƴan lifidi, su da dawakinsu cikin rigar auduga mai kauri da ke tare kibiya, amma nauyi ya hana su gudu. Akwai barade masu sauƙin kaya, na kai farmaki da bin sawu. Akwai dakaru masu garkuwa da mashi, akwai ƴan baka da kibiyar dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi sai ta ci gaba da aiki a jiki. Mulkin kansa bisa rukuni huɗu aka ɗora shi, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, Ƙaura ne kuwa mai yaƙi. Tarihi ya kuma nuna cewa kaya masu tsada ba su isa su kaɗai ba: a Tabkin Kwatto, cikin 1804, dawakin Sarkin Gobir Yunfa masu lifidi sun sha kashi a hannun rundunar da dawakinta kaɗan ne ƙwarai, ƙarfinta yana ga ƴan baka.

In an ɗauko wannan an aza bisa wasan salula, sai a ga aiki huɗu ne ayari ke bukata. Na ɗaya, wanda zai sha bugu bai faɗi ba, watau ɗan lifidin ayari. Na biyu, wanda zai kā da abokin gaba da hanzari. Na uku, wanda zai tsare ran sauran. Na huɗu, wanda zai ɓata wa abokan gaba shiri, ya sumar da wannan, ya makantar da wancan, ya sa wa na uku dafi. Ba dole ne kowane aiki ya samu mutum guda ba, mutum ɗaya na iya riƙe biyu. Abin da ke kashe ayari shi ne a bar aiki ɗaya ba mai shi.

A Final Fantasy na farko, shi ya sa mayaƙi ɗaya, da ɗan dambe ɗaya, da farin mai siddabaru mai warkarwa, da baƙin mai siddabaru mai jifa da wuta, suka zama ayarin da aka fi ba sabon shiga shawara. Ɗan kasuwa zai lura da wani dalili kuma, na aljihu. Mayaƙi yana cin kuɗi, domin kowane gari sai an sake masa takobi da sulke. Masu siddabaru su ma saye ake yi musu, kuma a kowane mataki iri uku kawai mutum ke iya koya cikin huɗu da ke kanti. Ɗan dambe kuwa da hannunsa yake faɗa, kusan ba ya cin kome. Ayarin da kowa cikinsa mai tsada ne zai daɗe yana yawon neman kuɗi kafin ya ci gaba. Akwai kuma jan mai siddabaru, wanda ya taɓa takobi, ya taɓa magani, ya taɓa wuta. Da farkon tafiya ya fi kowa amfani, amma manyan dabarun ƙarshe ba ya kai gare su, kamar milieu na petank ne, mai cike gurbi.

Zubin dara da wurin tsayuwa

Samun mutanen kirki bai isa ba sai an san inda za a tsai da su, kuma a nan dara ce malama. Gurbi 30 ne, jeri biyar sau shida, kowane mai wasa da ƴaƴa 12, wannan da kara wancan da tsakuwa. Ana zuba su ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin zubi ba a yarda mutum ya jera uku ba. In an gama, gurbi shida kawai suka rage ba kowa. Daga nan ake fara turawa, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin wasansa, har wani ya rasa ƴaƴan da zai jera.

Mai kallo yakan ɗauka wasa yana farawa ne sa'ad da aka fara ci. Ƴan dara sun san tun a zubi ake yin shi. Da yake gurbi shida ne kawai a buɗe, wanda ya zuba ƴaƴansa a lungu, ko ya bari aka toshe musu hanya, yana da 12 a ƙasa amma uku ko huɗu ne ke motsi. Gwani kuwa yakan zuba ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da kawowa tsakanin jeri biyu, in ya tafi ya cika uku, in ya dawo ya cika uku, kowane taku da ci. Ɗan nan bai fi sauran kome ba, maƙwabtansa ne suka ba shi daraja.

Wasan Darkest Dungeon, wanda kamfanin Red Hook na ƙasar Kanada ya fitar a 2016, kuma ya yi suna wajen wuya, bisa wannan ka'ida aka gina shi. Mutum huɗu ne a layi, na ɗaya a baki, na huɗu a ƙurya, abokan gaba ma haka. Kowace dabara tana da wurin da ake yin ta da wurin da take kaiwa. Mai takobi yana sara ne in yana matsayi na ɗaya ko na biyu, kuma na gaba kawai yake samu. Mai magani tana warkarwa daga na uku ko na huɗu. In aka yi wa ayari kwanton ɓauna layi ya hargitse, mai takobi ya koma ƙurya, mai magani ta fito baki, to, mutum huɗu ne a tsaye amma ba mai aiki ko ɗaya. A wannan wasa kuwa wanda ya mutu ya mutu, ba a dawo da shi.

Domin haka mai haɗa ayari yana da tambaya biyu da zai yi wa kansa tun a gida. Ta farko: akwai wanda hannunsa ke kaiwa ƙuryar abokan gaba? Sau da yawa masu ɓarna a can suke ɓoye, bayan ƙarti. Ta biyu: in layi ya watse, wa ke iya aiki daga ko'ina, ko ya mai da kansa wurinsa yana bugu? Yawancin mutanen wasan dabara bakwai gare su, huɗu kawai ake ɗauka a tafi da su, saboda haka ya kamata a bar gurbi ɗaya domin ranar da shiri ya ɓaci.

Taku shi ne jari

Abin da ya raba wasan bi-da-bi da sauran wasanni shi ne an ƙidaya wa kowa takunsa. Mutum huɗu, taku huɗu a zagaye. Shi ne jarin mai wasa, kuma duk dabara ta koma ga yadda za a kashe shi.

Ga misali, mai karatu ya bi da alƙalami. A ce mutanenmu huɗu sun gamu da ƴan fashi huɗu, kowane ɗan fashi sai an buge shi sau huɗu yake faɗuwa, kuma mu ke farawa. In kowa ya kama nasa, zagaye na farko za mu sha bugu 4, na biyu 4, na uku 4, a na huɗu su faɗi gaba ɗaya: bugu 12 ke nan muka sha. In kuwa muka taru a kan mutum ɗaya kowane zagaye, za mu sha 3, sa'an nan 2, sa'an nan 1, sa'an nan babu: bugu 6. Ƙarfi ɗaya, zagaye huɗu a duka biyun, amma asara ta ragu da rabi. Dalili shi ne ɗan fashin da ya rage saura ƙiris ya faɗi yana bugu daidai da mai cikakken rai. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya rubuta lissafi mai kama da wannan a kan yaƙi tun 1916. In kuma su ne suka fara, 6 ɗin nan ta zama 10, abin da ya nuna amfanin samun mai sauri cikin ayari.

Wannan lissafi ne ke sa gwanaye su yi wa mai magani kallon tsanaki. Takun da aka kashe wajen warkarwa bai rage abokan gaba ba, kuma a wasanni masu wuya abin da magani ke mayarwa sau da yawa bai kai abin da bugu ke ɗauka ba. Ayarin da ke warkarwa kowane zagaye kamar ɗan kasuwa ne mai cin sabon bashi domin biyan tsoho. Ba a cewa a bar mai magani a gida, sai dai a nemi wanda ke da sana'a ta biyu, a kuma tanadi maganinsa domin lokacin da rai ya kai gargara. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, rigakafi a nan kuwa shi ne hana abokin gaba takunsa. In ƙaramin mutuminka ya sumar da babban dodo, ka sayi taku mai tsada da mai araha. A Darkest Dungeon akwai likitar annoba da ke jefa hayaƙi ta sumar da mutum biyu na ƙurya da taku ɗaya, ribar biyu a kan ɗaya ke nan. Masu wasan sun san da haka, shi ya sa wanda ya farfaɗo daga suma yakan yi wuyar sake sumarwa nan take.

Sa'a da guzuri

Saura maganar sa'a. Waɗannan wasanni sukan nuna wa mai wasa cewa bugunsa zai samu, misali, sau 90 cikin 100. Ido yakan karanta wannan kamar tabbas. Amma in shirinka ya dogara ga bugu uku a jere, kowanne mai 90 cikin 100, damar su samu duka ta sauko zuwa 73 cikin 100. Watau fiye da sau ɗaya cikin huɗu shirin zai rushe. Ayari na ƙwarai shi ne wanda in bugu ɗaya ya kuskure yana da abin yi na biyu. A Baldur's Gate 3 akwai matakin wuya inda ajiya ɗaya ce tak, in ayari ya ƙare duka an rasa nasarar wannan mataki ko da an yi kwanaki ana neman ta. Masu bin wannan mataki sukan tanadi hanyar gudu tun kafin faɗa, domin da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su bar wannan ga sa'a ba. Ayarinsu yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai sanin hanya da zango, da uban dawaki, da malami mai rubutu, kuma tun a gida ake lissafin abin da jaki zai ɗauka na ci da na sayarwa. A Darkest Dungeon ma haka ne: kafin a shiga kogo sai an sayi abinci da jiniya da shebur da magani, jaka kuwa gurbi 16 gare ta. Wanda ya cika ta da guzuri ba shi da wurin zuba ganima, wanda ya yi rowa kuma yunwa da duhu su kama shi a tsakiyar hanya. Duk wanda ya taɓa loda mota daga kasuwar Maraɗi zuwa Jibiya ko Katsina ya san wannan awo.

Kada kuma a ɗauka akwai ayari guda da ke cin kowane faɗa. Wasan Pokémon, wanda ya fito a Japan a 1996, ya koya wa yaran duniya wannan da hanya mai sauƙi: ruwa yana cin wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana cin ruwa, kuma halitta shida kawai ake ɗauka, kowace da dabara huɗu. Wanda ya tara masu wuta shida zai yi ta cin nasara har ranar da ya gamu da mai ruwa. A Clair Obscur: Expedition 33, wanda wani ƙaramin kamfani na Mompeliye a Faransa, Sandfall, ya fitar cikin Afrilu 2025, mutum uku ke shiga faɗa, in sun faɗi na ajiya su karɓa. Mai wasan da ya yi banza da na ajiya, bai horar da su ba, ranar da ya bukace su zai tarar ba su da abin yi. Saboda haka in faɗa ya gagara sau biyu ko uku, maimakon a yi ta maimaitawa da fushi, sai a duba me dodon nan yake yi, wa ya fara kashewa, me ba ya jurewa, sa'an nan a sake mutum ɗaya ko a sake layi.

Masu sayar da jarumawa

A nan ne maganar ta shafi aljihun iyaye. Wasannin bi-da-bi da suka fi yawa cikin salula yau kyauta ake saukar da su, amma jarumawan da suka fi ƙarfi ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, ƙuri'ar kuwa ana tara ta a hankali cikin wasa, ko a saye ta da kuɗi. A Honkai: Star Rail, wasan ƙasar Sin da ya fito a 2023 mai ayarin mutum huɗu, damar samun jarumi mafi daraja a jefawa ɗaya 6 ce cikin 1000. An lamunce wa mai wasa zai samu ɗaya kafin ya wuce jefawa 90, amma rabi da rabi ne ya zama wanda yake nema, saboda haka abin yana iya kai shi 180. Akwai wasanni da dama masu irin wannan tsari. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi cikin wasu wasanni caca ne bisa dokar ƙasar.

Yaron da faɗa ya gagara, wanda ba a koya masa ƙirga aiki da taku ba, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne mutanensa ba su da ƙarfi, sai ya sayi sabo. Jika ɗaya yau, jika biyu gobe, daga kuɗin kiredi ko daga cinikin kanti. Alhali sau da yawa abin da ya rasa yana cikin jakarsa tun tuni: mai garkuwa da ya raina, ko mai sumarwa da bai taɓa gwadawa ba.

Uba ba ya bukatar ya iya wasan kafin ya gane inda ɗansa ya dosa. Ya isa ya zauna kusa da shi ya tambaye shi: don me wannan yake gaba, wancan yake baya? In wannan ya faɗi, wa zai karɓi aikinsa? In yaro ya amsa da bayanin aiki da wuri da taku, to, yana koyon abin da zai yi masa amfani ranar da aka ba shi kanti ko sarwis ya raba wa mutane aiki. In kuwa amsarsa ita ce wannan ya fi tsada, lokaci ya yi da za a duba inda kuɗi ke tafiya, a kuma kai shi gindin itace ya zauna gaban mai dara. A can ƴaƴa 12 ne kowa, ba wanda ya fi wani, ba kuma kantin da ke sayar da na 13.